Idon Kyanwa: Tarihin Neman Gani a Hanya da Dare

Tsakanin garin Queensbury da unguwar Boothtown ta Halifax, a arewacin Ingila, akwai wata hanya da ke gangarowa daga kan tudu tana lanƙwasa, gefenta guda kuwa kwari ne mai zurfi. Da rana babu mai shakkarta. Da dare, musamman lokacin hunturu in hazo ya haɗu da hayaƙin masaƙu, direba kan rasa inda kwalta ta ƙare da inda rami ya fara. Shekara da shekaru masu mota a wannan yanki suna da dabara guda: su bi ƙarafan layin taragon lantarki da ke shimfiɗe a tsakiyar titi, domin yawan gugar ƙafafun tarago ya sa ƙarfen yana ƙyalli in fitila ta haska shi. Da aka fara soke taragon ana tone ƙarafan, sai direbobi suka rasa ɗan jagoransu na dare.

A wannan hanya ce wani ɗan kwangilar shimfiɗa kwalta, Percy Shaw, yake komawa gida cikin hazo wani dare a shekarar 1933. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne, yana dab da wata kwana sai fitilarsa ta faɗa kan idanun wata kyanwa da ke zaune a kan shinge. Ɗigo biyun nan masu haske suka nuna masa bakin kwari ya nufa, ya karya sitiyari ya tsira. Shi kansa Shaw, a hirar da ya yi da ɗan jarida Alan Whicker a talabijin a 1968, cewa ya yi wani allon bakin hanya mai ƙwayoyin gilashi ne ya kawo masa tunanin. Ko kyanwa ce ko allo, abin da ya gane bai canza ba: fitilar mota ita kaɗai ba ta isa, sai abin da ke gabanta ya mayar mata da haskenta.

Kafin wannan dare, masu ƙera motoci sun shafe kusan shekara 40 suna neman maganin duhu a jikin fitila kawai. Motocin farko sun gaji fitilun keken doki, masu mai da lagwani, 'yan uwan fitilar ƙwai, waɗanda amfaninsu bai wuce a san wani abu na tafe ba. Daga baya aka koma wa kabaid, dutsen nan da masu walda ke zuba wa ruwa ya ba da iskar gas. In magariba ta yi, sai direba ya tsaya, ya sauka, ya buɗe famfon ruwan, ya ƙyasta ashana. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai cikakken tsarin lantarki, da fitila da abin tayar da inji duka. A 1924 aka sami ƙwan fitila mai zare biyu, asalin abin da direbobi a ƙasar Hausa ke kira ful da dim.

Sai dai duk lokacin da fitila ta ƙara haske, ƙafar direba kan ƙara nauyi a kan totur. Ga kuma wata matsala da ba ta da kauciya: hasken da ke buɗe maka hanya shi ne ke kashe wa mai zuwa ido. Dole aka karkata fitila ƙasa, karkatawar kuwa ta rage nisan gani.

Gwamnatin Birtaniya ta yi ta bin lamarin da dokoki. A 1927 aka wajabta wa motoci farar fitila biyu a gaba da jar danja a baya. Duk da haka, a 1934 mutum 7,343 suka mutu a hanyoyin ƙasar, a lokacin da motocin da ke yawo ba su kai kashi ɗaya cikin goma na yau ba. A shekarar ce ministan sufuri Leslie Hore-Belisha ya kammala dokar da ta kawo jarrabawar tuƙi, ta kuma ƙayyade gudu a cikin gari zuwa mil 30, wato kilomita 48 a awa. Ma'aunin da doka ta ɗauka na gane cikin gari shi ne fitilun titi: inda suke, nan ne gari. Bayan gari kuwa, inda hanya ta fi miƙewa mota ta fi gudu, aka bar direba da fitilarsa da idonsa.

Shaw ba injiniya ba ne mai takardar jami'a. An haife shi a 1890 a gidan lebura mai 'ya'ya da yawa, ya bar makaranta yana da shekara 13 ya shiga masaƙar barguna. Mutum ne mai hannu: har injin daddale kwalta ya haɗa wa kansa da tsohon injin Ford. A 1934 ya yi wa ƙirƙirarsa rajista, a 1935 ya kafa kamfanin Reflecting Roadstuds a harabar gidansu da ke Boothtown.

Abin da ya ƙera ɗan ƙarami ne, amma akwai tunani a kowane sashe nasa. Ƙwayoyin gilashi huɗu ne, biyu na duban gaba biyu na duban baya, kowace da madubi a ƙeyarta, ta yadda hasken da ya shiga zai koma ta inda ya fito, kai tsaye zuwa ga direba. Ya dasa su cikin tudun roba, ya zaunar da robar cikin kwarmin ƙarfen zubi da ake binnewa a kwalta. In taya ta taka, robar sai ta nutse, gilashin ba ya fashewa, kuma yayin nutsewar wani leɓen roba yana goge shi kamar yadda fatar ido ke goge ƙwayar ido. Ruwan sama da ke taruwa a kwarmin shi ne ruwan wankin. Ba ta shan wuta, ba ta shan mai, ba ta bukatar mai shara. Motocin da ke taka ta su ne masu tsabtace ta. Ya sa mata suna idon kyanwa.

Kasuwa ba ta buɗe masa nan da nan ba. Da kuɗin aljihunsa ya dasa guda 50 a wata mahaɗa mai yawan haɗari kusa da Bradford don mahukunta su gani da idonsu. Ma'aikatar Sufuri ta gwada nasa tare da na wasu a hanya guda, nasa ne suka jure taka da ruwa da sanyi. Duk da haka ƙananan hukumomi suna ta jan ƙafa, har yaƙi ya zo.

Ranar 1 ga Satumba 1939, kwana biyu kafin Birtaniya ta shelanta yaƙi da Jamus, gwamnati ta ba da umarnin kashe duk wani haske da jirgin sama zai iya hangowa. Aka kashe fitilun titi daga Landan har ƙauyuka. Aka rufe tagogi da baƙin ƙyalle. Aka hana motoci kunna manyan fitilu, sai 'yan ƙanana na gefe. Fitilun ba da hannu aka lulluɓe su, aka bar ɗan tsagi mai siffar gicciye. Cikin dare ɗaya, ƙasa mai miliyoyin ababen hawa ta koma duhun da ba ta sani ba tun zamanin keken doki, amma injunan da ke yawo a cikinta na zamani ne.

An gudu ba a tsira ba. A watan Satumba kaɗai sama da mutum 1,100 suka mutu a hanya, kusan ninki biyu na Satumbar da ta gabata. Daga Satumba zuwa ƙarshen Disamba adadin ya haura 4,000, mafi yawansu masu tafiya a ƙasa, kuma da yawa daga cikinsu tsofaffi ne. Wannan fa a lokacin da aka soma rabon man fetur da ƙididdiga, motoci sun ragu a titi. A tsawon watannin nan huɗu bom bai kashe farar hula ko ɗaya a ƙasar ba. Na farko sai a watan Maris 1940, a tsibiran Orkney. Likitan tiyata na Sarki, Wilfred Trotter, ya rubuta a mujallar likitocin Birtaniya cewa rundunar saman Jamus tana kashe 'yan ƙasa 600 a wata ba tare da ta tashi jirgi ko guda ba.

Tun da an hana ƙara haske, dole tunani ya koma inda na Shaw ya riga ya je. Aka fito da farin fenti. Aka shafa a bakin titi, a gindin bishiyoyi, a turakun fitilu, a bambar motoci da saman tayoyinsu, aka ja farin layi a tsakiyar hanya. Aka shawarci masu tafiya a ƙasa su sa farin abu ko su riƙe jarida, maza kuma su bar wutsiyar farar taguwarsu a waje. Wasu manoma har shanunsu suka zana wa farin fenti a haƙarƙari, gudun kada su fito hanya da dare. Daga baya aka yarda a riƙe tocila in an dusashe ta da takarda, aka ba motoci murfin fitila mai 'yan tsagogi da ke zubar da haske ƙasa, sannan daga Fabrairu 1940 aka mayar da gudun dare a cikin gari mil 20, kilomita 32 a awa.

A wannan yanayi idon kyanwa ya zama abin nema. Ɗan hasken da ke fita ta tsagin murfin fitila ya ishe shi, kuma yana mayar da shi ne ga direba kawai, ba ya watsa shi sama inda matuƙin jirgi zai gani. Odar gwamnati ta cika masana'antar Boothtown. Amma duhun ya ci gaba da cin rayuka: a 1941 mutum 9,169 suka mutu a hanyoyin Birtaniya, adadin da ƙasar ba ta taɓa kaiwa ba, kafin nan ko bayan nan. Sai a Satumba 1944 aka sassauta dokar kashe fitilun, a Afrilu 1945 fitilu suka dawo gaba ɗaya.

Bayan yaƙi, a 1947, wani ƙaramin ministan sufuri mai suna James Callaghan, wanda daga baya ya zama firaminista, ya matsa aka baza idon kyanwa a manyan hanyoyin ƙasar. Da aka gina manyan tituna masu layuka da yawa sai aka ba shi launuka: fari tsakanin layi da layi, ja a bakin hanya, ruwan lemo a gefen shingen tsakiya, kore a mashiga da mafita. A 1965 aka ba Shaw lambar girma ta OBE saboda kayan da yake fitarwa ƙasashen waje. Ya rasu ranar 1 ga Satumba 1976, shekara 37 cif daga daren da aka kashe fitilu, a gidan da ya tashi tun yana yaro.

Abin da Birtaniya ta koya da gawawwaki, lissafi ma ya tabbatar da shi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga abu, ya gane shi, ya kai ƙafa kan birki, ta riga ta wuce mita 40, kafin ta tsaya cak kuma an doshi mita 100, tsawon filin ƙwallo. Dim kuwa bai cika nuna abin da ya wuce mita 60 ba, mai baƙaƙen kaya ma sai an fi haka kusa da shi. Wato direban da ke wannan gudu da dim yana shiga wurin da bai gani ba tukuna. A Amurka, inda ake ajiye ƙididdiga dalla-dalla, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tuƙi ne ake yi da dare, amma kusan rabin mace-macen hanya a lokacin suke faruwa, masu tafiya a ƙasa da ake kashewa kuwa kusan uku cikin huɗu a duhu ne.

Mai musu zai iya cewa dare na zuwa da barci da gajiya da maye, don haka ba duhu ne kaɗai mai laifi ba. Wasu masu bincike biyu a Jami'ar Michigan, John Sullivan da Michael Flannagan, sun sami hanyar tsame duhu daga cikin sauran. A Amurka ana matsa agogo da awa guda sau biyu a shekara, saboda haka akwai sa'ar da take da haske a wannan mako, a mako mai zuwa kuma ta faɗa duhu, alhali mutanen da ke hanya su ne dai, aikinsu bai canza ba. Da suka kwatanta makwannin, suka tarar haɗarin kashe mai tafiya a ƙasa yana ninkuwa sau uku zuwa kusan bakwai in sa'ar ta koma duhu.

A Amurka ma dabarar mayar da haske ta bi tata hanyar. A ƙarshen shekarun 1930 kamfanin 3M ya gano yadda ake manna ƙwayoyin gilashi masu ƙanƙanta kamar yashi a jikin leda, a 1939 aka kafa allon hanya na farko mai wannan leda a birnin Minneapolis. Allunan hanya suka fara ganuwa da dare. Manyan motoci kuwa aka daɗe ba a waiwaye su ba. Ranar 29 ga Yuni 1967, bayan ƙarfe biyu na dare, 'yar fim Jayne Mansfield tana tafiya daga Biloxi zuwa New Orleans, motarsu ta shige ƙarƙashin wata tirela da ta rage gudu saboda motar feshin maganin sauro, hayaƙin feshin ya rufe hanya. Manya uku da ke gaba, har da ita, suka mutu nan take, yara uku da ke barci a baya suka tsira. Har yau ƙarfen da ake gindayawa a bayan tirela don hana ƙaramar mota shigewa ana kiransa da sunanta. Amma ledar nan mai ja da fari da ke zana siffar tirela a duhu sai daga Disamba 1993 ta zama dole ga sababbin tireloli. Da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta auna a 2001, ta tarar ledar ta rage karon gefe da na baya a cikin duhu da kashi 29 cikin 100.

Mai tafiya a ƙasa kuma wani manomi ne ya tuna da shi. A Finlan, inda rana kan faɗi tun la'asar a lokacin sanyi, Arvi Lehti ya fara da ƙera 'yan faifan roba masu mayar da haske don kekunan doki a shekarun 1950. Daga baya ya haɗa biyu baya da baya, ya sa musu zare da fil, aka fara rataya wa 'yan makaranta a jikin riga. Direba yana hango mai ɗauke da shi daga nisan da ya ninka na wanda ba shi da shi sau uku ko fiye. Yau dokar ƙasar ta tanadi mai tafiya a duhu ya sa shi.

A Afirka, amsar da gwamnatoci suka fi saurin bayarwa bayan mummunan haɗari ita ce rufe daren kansa. A Kenya, bayan da bas da babbar mota suka yi karo a Migaa da tsakar daren 31 ga Disamba 2017 mutum 36 suka mutu, an hana motocin dogon zango tafiyar dare, kotu kuma ta ɗage hanin ba da jimawa ba. A Senegal, bayan karon bas biyu kusa da Kaffrine ranar 8 ga Janairu 2023 wanda ya ci rai 40, an haramta wa motocin haya tafiya tsakanin ƙarfe 11 na dare da 5 na asuba. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a Fabrairu 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta daɗe tana gargaɗi kan tafiyar dare.

Gargaɗin na da hujja, amma masu tuƙin dare ma suna da tasu. An ce dare mahutar bawa, sai dai ba ga direban da ya ɗauko tumatir ko shanu daga Arewa ba. Zafin rana yana ruɓar da kaya, yana galabaitar da dabba, yana fasa taya, kasuwar Legas kuma da sassafe take ci. Ɗan kasuwar da ya hau bas a Sabon Garin Kano da yamma so yake gari ya waye masa a Onica. Waɗannan mutane ba za su bar hanya ba, kuma ba su kaɗai ne a kanta ba: ga ɗan acaɓa da danjarsa ta mutu, ga amalanken shanu da ke dawowa daga gona bayan isha, ga mota mai ido ɗaya da ake ɗauka babur ce sai an zo gab da ita, ga masu tsallaka titi a garuruwan da hanya ta ratsa, ga hazon hunturu a kan wannan duka.

A Najeriya doka ta wajabta wa kowace mota alamar nan mai kusurwa uku da ke ƙyalli, hukumar kuma tana neman manyan motoci su manna ledar mai mayar da haske a baya da gefe. Wasu sun manna suna gogewa. A jikin wasu ƙura da baƙin mai sun binne ta, wasu kuwa ba su taɓa sawa ba. Har yanzu in tirela ta mutu a tsakiyar hanya da dare, tsakanin Zariya da Kaduna ko a gangaren Jebba, abin da aka saba gani shi ne yaron mota ya ɗauki adda ya shiga daji, ya saro rassa masu ɗanyen ganye, ya jera su a kan kwalta taku kaɗan a bayan motar, wani lokaci ya danne su da duwatsu. Da rana kowa ya san ma'anarsu, yana hango su ya kauce. Da dare ganyen yana shanye hasken fitila, launinsa da na kwalta ya zama ɗaya, sai direba ya iso kansa kafin ya gane ganye ne, alhali tirelar na tsaye 'yan mitoci a gaba.